Bugagge: tarihin wata siffa da sana'ar bugu a yammacin Zamfara

Bugagge siffa ce da Hausawa ke ba abin da ya fita daban, irin wanda ido ba ya wuce shi sai ya tsaya. Akan ce bugaggiyar shadda, bugaggen gida, bugaggiyar mota. Akan kuma ce bugaggen malami ko bugaggen attajiri, ana nufin wanda ya kai maƙura a fagensa har sunansa yana riga shi shiga gari. Da ita dai ake kiran ɓarawon da ya gagari hukuma, da mashayin da ya yi tatul ba ya gane hanyar gida. Tushenta aikatau ne, buga, wanda yana cikin kalmomin da suka fi yawan aiki a bakin Bahaushe. Hanyar da kalmar duka ta bi har ta zama kalmar yabo ta ratsa ta marina, da ƙofar fada, da zauren malamai, da gidan waya, kuma ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum ta ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan zanguna.

Ƙirar kalmar ita ce farkon abin lura. Hausa tana ƙera siffa daga aikatau ta hanyar ninka baƙin ƙarshe: dafa ta ba da dafaffe, wanke ta ba da wankakke, gyara ta ba da gyararre. Haka buga ta ba da bugagge ga namiji, bugaggiya ga mace, bugaggu ga jam'i. Idan aikin mai faɗa wa wani abu ne, siffar tana nuna abin da ya sha aikin, ba wanda ya yi shi ba. Dafaffen nama shi aka dafa, bugaggen zane kuwa shi ya sha bugu.

A nan Hausa ta raba hanya da wasu harsunan da su ma suka ɗauko yabo daga duka. Turanci yana da siffar striking, daga aikatau strike. A tsohon Ingilishi wannan aikatau shafa yake nufi, ko wucewa a hankali a kan abu. Sai wajajen ƙarni na 14 ma'anar duka ta zauna masa, kuma a tsakiyar ƙarni na 18 aka soma kiran abu mai ɗaukar ido da siffar. Faransanci yana da frappant, daga frapper, mai ma'ana ɗaya. A harsunan biyu abin kallon ne yake kai wa mai kallo bugu. A Hausa kuwa shi abin kallon ne aka buga, kuma kyansa sakamakon wahalar da ya sha ne a hannun wani. Wannan ya sa neman asalin ma'anar dole ya koma ga tambaya ɗaya: mene ne Hausawa ke bugawa ya ƙara daraja?

Kafin amsar, yana da kyau a ga iyakar kalmar, domin Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin kai hannu. Duka na horo ne ko na faɗa. Mari a kunci yake sauka, naushi da dunƙulallen hannu ake yin sa, sara aikin kaifi ne. Daka a turmi take, kuma abin da aka daka ya rabu da siffarsa, ya koma gari. Bugu ya bambanta da waɗannan ta wajen cewa galibi abin da aka buga yana nan, sai ma ya gyaru. Manomin fadamar Gummi yana bugun shinkafa a kan gungume ko durom, ƙwaya ta zube lafiya lau. Magini yana buga tubali. Maƙeri yana bugun ƙarfe da masaba a kan uwar maƙera har ya zama fartanya, inda aka samo karin maganar da ke cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Aikin zinariya na ƙauyukan Anka da Bukkuyum yana can ɗaya gefen iyakar. Dutsen da ake haƙowa fasa shi ake yi da guduma, a daka, a niƙa a injin har ya zama ƙura. Ƙurar nan ce, mai ɗauke da gubar dalma, ta kashe yara fiye da 400 a 2010 a wurare irin su Dareta, Abare, Sunke, Bagega da 'Yargalma, saboda a cikin gidaje ake niƙan. Ba wanda ke kiran wannan gari bugagge. Niƙaƙƙe ne.

Abin da bugu ya fi ɗaukaka a tarihin Hausawa shi ne tufa. Riga ta dā tana bi ta hannu da yawa kafin ta hau jiki. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa sawaye 'yan sirara, maɗinki ya haɗa su. Daga nan sai marina, inda ake da karofi, rami mai zurfi da aka shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. A zuba baba da ruwan toka da katsi, a bar shi kwanaki yana nuna, ana motsa shi da muciya. Marini yana tsoma tufa ya ɗago, ta fito da ɗan kore-kore, iska ta buge ta ta juye shuɗiya, ya sake tsomawa, har launin ya kai duhun da ake so. Da wuya a sami tsohon birni a ƙasar Hausa da ba shi da unguwa ko fili da ake kira Marina.

Amma tufar da ta fito daga karofi ta bushe ba ta da wani kwarjini. Ta yamutse, ta yi dishi-dishi, ba ta ɗaukar haske. Mabuga ce ke fito da ita. Wurin rumfa ne ko zaure, da gungumen itace mai tauri a kwance, an binne cikinsa a ƙasa an goge bayansa sumul. Masu bugu suna zama suna fuskantar juna, kowa da gudumarsa ta itace mai nauyi. A fesa wa tufa ruwa kaɗan, a ninke ta, a shimfiɗa a kan gungume, a shiga luguden bugu, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ana jan tufar kaɗan-kaɗan don kada wani wuri ya tsira. A sake ninki, a sake bugu. Nauyin gudumar yana danne zaren ya baje, ƙofofin saƙar su toshe, fuskar tufar ta yi santsi har ta soma mayar da haske. Idan baƙar tufa ce ta manya, irin turkuɗi ko kore ko rawani ɗan Kura, sai a barbaɗa shuni, wato tataccen baba da aka busar, a haɗa da ɗan kitse a buge shi cikin zaren. Abin da ke fitowa launi ne tsakanin baƙi da shuɗi, mai walƙiya irin ta ƙarfe, wanda ke zuba a fatar mai sanye da shi. Buzaye sun fi kowa son wannan zubar, kuma sun daɗe suna biyan kuɗi mai yawa dominta.

Aiki ne na ƙarfi, amma ba ƙarfi kaɗai ba. Wanda bai iya ba zai huda riga ko ya karya mata aiki a wuya, wanda ya yi ha'inci kuma rigar za ta tona shi a rana. Shi ya sa mai kaya yakan ɗaga tufarsa ya juya ta ga haske kafin ya biya, idan ta yi masa ya ce ta bugu. Wannan ƙira ta bugu, irin ta dafu da rinu da gyaru, tana nufin aiki ya kai matuƙa, ba sauran abin ƙari. Riguna biyu daga masaƙa ɗaya da karofi ɗaya suna iya rabuwa a kuɗi nesa ba kusa ba saboda bugu kawai. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne daga bakin masu ciniki irin wannan bugaggiya ta tashi daga sunan aiki ta zama sunan daraja, sa'an nan ta tsallaka daga riga ta hau kan mai rigar.

Girman wannan sana'a a ƙarni na 19 ba abin wasa ba ne. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824 kafin ya ratsa Zamfara zuwa Sakkwato, ya ba da labarin rini da yadda ake sa wa tufa sheƙi da gudumar itace. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara a kan wuri miliyan 300. Kano da garuruwanta irin su Kura su ne cibiya, amma Zamfara ƙasar auduga da baba ce, kuma yammacinta yana kan hanyar da kayan ke bi. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja suna ratsowa ta Zamfara, su sauka Gummi, su wuce Jega, su ƙetare Kwara, su nufi kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau. Jakunansu suna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, su komo da goro. Gummi ba zango kawai ba ce a wannan fatauci. A nan Kambarin Barebari, 'yan kasuwa masu asali daga Barno, suka yi mazauni tun ƙarshen ƙarni na 18, kafin da yawansu su koma Kano su zama ɗaya daga cikin manyan rukunai uku na fataken goro, tare da Agalawa da Tokarawa. Garin da madugai ke sauka ana kwance kaya ana ɗaurewa, mutanensa ba sa buƙatar a koya musu bambancin tufar da ta bugu da wadda aka yi wa shafa-shafa.

Abubuwa da dama suka taru suka karya wannan tsari. Turawan Ingila sun ci Kumasi ta Asante a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya kwance, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa kasuwar. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya ɗauko shi. Hanyar Gummi da Jega ta rage ƙura. Kamfanin BASF na Jamus ya fitar da baban kanti a 1897, wanda ba ya buƙatar gona ko kwanakin jira. Layin dogo ya kai Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929, auduga ta koma tafiya ɗanya zuwa Ingila tana dawowa a matsayin akoko da atamfa. Dutsen guga na gawayi ya shigo, mai wanki da guga ya karɓe rabin aikin mabuga. Karofi da yawa sun cike da ƙasa.

Bugu kuwa bai mutu tare da rinin baba ba, shadda ce ta cece shi. Wannan yadi na auduga mai zane a cikin saƙa, wanda mafi tsadarsa ke zuwa daga Turai, irin na kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya, ya fi nuna kansa idan an sa masa sitati ko ƙaro an buge. Guga tana kwantar da shadda, amma ba ta ba ta ƙarar nan da take yi idan mai ita ya motsa, ba ta kuma ba ta tsayuwar da babbar riga ke so a kafaɗa. Saboda haka har yau, idan Sallah ta matso ko ana shirin naɗin sarauta, masu bugu ba sa samun barci. A nan ne kaɗai siffar ta riƙe ma'anoninta biyu a lokaci guda: bugaggiyar shadda an buge ta da gaske, kuma ta fi sauran.

Akwai wata jijiya ta biyu da ta shayar da ma'anar shahara, ita ce ta fada. Hausawa suna kaɗa kalangu da kotso da taushi, amma tambari buga shi ake yi. Babbar ganga ce mai baki ɗaya, an rufe ta da fatar sa, kuma ba kayan nishaɗi ba ce. Alamar mulki ce da talaka ba ya mallaka komai dukiyarsa. Ana buga tambura ranar naɗi, da daren Sallah, da lokacin yaƙi a zamanin dā. Gidan sarautar Zamfara ya yi yawo da wannan alama. Daga Dutsi ya koma Birnin Zamfara, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci wajajen 1760 ya kafa Alƙalawa a ƙasarsa. Sarakunan suka yi zama a wurare irin su Kiyawa da Sabon Gari kafin su tabbata a Anka a farkon rabin ƙarni na 19, inda Sarkin Zamfara yake har yau. Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum tana da Sarkin Danko. Masu jihadi ba su saki jiki da kaɗe-kaɗen fada ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, ya lissafa shagala da ganguna cikin halayen sarakunan da yake suka a Kitabul Farƙi, amma an bar bugun da ke da dalili, irin na tara jama'a da na yaƙi. Tambari ya tsira ta wannan ƙofa. Tunda amonsa yana kaiwa inda muryar sanƙira ba ta kaiwa, sai aka riƙa cewa wane ya yi tambari, wato sunansa ya kai ko'ina. Akwai kuma tambari na kan takarda: tambarin kamfani, tambarin jam'iyya, kuma shi ma buga shi ake yi.

Zauren malamai ya ƙara wa buga wasu ma'anoni da ba na asalinta ba. Larabci yana da aikatau daraba, wanda a karatun zaure ake furtawa laraba, kamar yadda wannan baƙin ya koma la a alƙali da larura da alwala. Ma'anarsa ta farko duka ce, amma Larabawa suna amfani da shi a wurare masu yawa, kuma malamin da ke fassara wa almajiri kalma bayan kalma yakan ce ya buga duk inda ya gamu da shi. Ta haka buga misali ta shigo, domin da wannan aikatau Alƙur'ani ke kawo misalai. A babin taimama na littattafan Malikiyya da ake karantawa a kowane zaure, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, akwai bugu na farko wanda yake farilla da bugu na biyu wanda yake sunna, alhali ɗora tafi ne a kan ƙasa, ba duka ba. Bugun ƙasa, duban da ake yi da ɗige-ɗige a kan rairayi a fitar da gidaje 16, shi ma fassarar sunansa ne na Larabci. Shehu ya yi tir da masu da'awar sanin gaibu ta wannan hanya a Nurul Albabi, sai dai sana'ar ta fi sukar tsawon rai. Buga lissafi ma yana da ƙamshin wannan zaure, tunda da kalmar duka Larabawa ke kiran ninka lamba da lamba.

Zuwan Turawa ya buɗe wani sabon babi. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma haka suka zauna a lardi ɗaya da jiha ɗaya da ita har aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kusan duk na'urar da sabon mulki ya kawo, Hausawa da buga suka tarbe ta. Ma'aikacin tangaraho yana ƙwanƙwasa ɗan ƙarfe da yatsa, sai aka ce yana buga waya, kuma maganar ta bi tarho ta bi salula, wadda ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, ko da yake yanzu shafa gilashi kawai ake yi. Akawu yana buga takarda a tafireta. Kwabo da anini da sule, da suka kori wuri, bugaggun kuɗi ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, buga ta aka riƙa yi, kuma kalmar ta rinjayi ɗab'i ta Larabci a bakin jama'a, aka bar wa maɗaba'a sunan wurin kawai. Tarihin sarakunan Zamfara da Bajamushe Kurt Krieger ya tattara a Anka, a Balin aka buga shi a 1959, cikin Jamusanci, harshen da masu tarihin ba sa ji. Masu sayar da littattafan addini a bakin masallaci suna rarrabe bugun Misra da bugun Bairut da bugun Kano, daga nan kuma 'yan kasuwa suka ara, ana cewa kaya bugun Ingila ne ko bugun Dubai, ana nufin can aka yi shi kuma a yi masa kuɗi daidai da haka. Filin ƙwallo ya kawo nasa: bugun kusurwa, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ma'anar maye ta bi ƙa'idar farko sau da ƙafa. Abin sha ne ya bugi mutum, shi ya sa ake cewa ya bugu, ko a buge yake, kuma buguwa ta zama sunan halin. A dā giya da burkutu ake nufi. Bayan da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000 aka rufe mashaya, kalmar ba ta rasa aiki ba, ta koma kan ƙwaya da sholisho da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018. Mai sauraro ba ya rikicewa tsakanin yabo da zagi, domin ginin jimla yana raba su. Idan siffar ta jingina da suna, kamar bugaggen malami, yabo ne. Idan ta tsaya ita kaɗai, aka ce wane ai bugagge ne, to mashayi ake nufi, kuma wanda ya yi wa dattijo irin wannan yabo zai sha bayani.

Bugaggen ɓarawo yana nuna cewa siffar awo take yi, ba hukunci ba. Tana faɗin inda mutum ya kai ne, ba ta ce wurin mai kyau ne ba. A wannan fage tana da 'yan'uwa masu irin ƙirarta, kuma kowace ta kama ɓangarenta. Gogagge daga goga take, tana nufin wanda aiki ya goge har ya ƙware. Shahararre daga Larabci aka ƙera ta, ita ce ta rediyo da takarda. Fitacce ta fi sauƙi, ƙasaitacce ta fi dacewa da biki da sarauta. Ga miyagu kuwa, tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi dazuzzukan Anka da Bukkuyum da Gummi, 'yan jarida sun fi karkata ga riƙaƙƙe da gawurtacce da ƙasurgumi, bugagge ta ja baya daga wannan wuri. A ɓangaren kaya, marubutan littattafan soyayya da suka yawaita a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 su ne suka fi yaɗa ta a rubuce, suna sa wa taurarinsu bugaggiyar shadda da bugaggen leshi, ko da yake leshi ba ya zuwa mabuga. Matasan yanzu sun fi cewa haɗaɗɗe ko tsadadde idan suna yabon mota ko waya ko gida, kalmomin da ke duban haɗi da farashi. Bugagge ta fi zama a bakin dattawa da teloli da 'yan kasuwar yadi.